Yadda Ake Zana Sirdin Babur na Fata da Hannu, a Rina Shi Baƙi Ba Tare da Zanen Ya Nutse Ba

Baƙin rini yana da illa biyu a kan fatar da aka yi wa zane. Ta farko, yana haɗiye aikin: ganye da furannin da ka sha wahalar bugawa sai su koma fili ɗaya, ba a ganinsu sai an matso kusa. Ta biyu, idan bai shiga fatar da kyau ba yakan zauna a sama, duk wanda ya hau babur ɗin ya sauka da baƙi a wando. Sirdi kuma ya fi jaka ko walat shan wuya, domin rana na dukansa, ruwa na dukansa, ga gumi, ga gogayyar mai zama a kai kullum, wani lokacin har da ɗigon fetur. Maganin illolin nan biyu tun daga wajen zaɓen fata yake farawa, don haka daga can za mu ɗauko.

Fatar da ke karɓar zane

Jima iri biyu ce ta cika kasuwa. Akwai wadda ake yi da tsirrai masu ɗaci, irin su ɓawon itacen oak, da mimosa, da quebracho, da 'ya'yan bagaruwa. Akwai kuma jimar gishirin kurom, wadda ta bazu tun ƙarshen ƙarni na 19 kuma ita ce mafi yawan fatar da ake yi a duniya yau. Fatar kurom tana da laushi, ba ta damu da ruwa sosai ba, amma ba ta riƙe sawun ƙarfe: ka buga, ta dawo yadda take. Jimar tsirrai kaɗai ce ke karɓar zane, kuma ita kaɗai ce ke amsa kuloko, wato ruwan ƙarfe mai baƙanta fata, wanda za mu yi bayani a gaba.

Gane su ba wuya. Ka yanki ƙyalle ka duba bakin yankan: jimar tsirrai launin ƙasa-ƙasa take har ciki, ta kurom kuwa sau da yawa tsakiyarta shuɗi-shuɗi ce mai toka-toka. Ka ɗan jiƙa ta ka danna farce. Idan sawun ya zauna, ita ce.

Ana auna kaurin fata da oza, oza ɗaya kusan milimita 0.4. Don saman sirdi nemi oza 7 zuwa 9, wato milimita 3 zuwa 3.5 ko kusa da haka. Wadda ta fi wannan siranta wuƙa za ta raunana ta, wadda ta fi kauri kuma ba za ta bi lanƙwasar sirdi ba sai da kokawa. Ta ƙasa, wadda za ta rufe ƙarfen gindi, oza 5 zuwa 6 ta wadatar. Ka yanko saman daga gadon baya ko kafaɗar fatar. Fatar ciki sako-sako ce, tana miƙewa, kuma tana shan rini wani wuri da yawa wani wuri kaɗan. Ka kuma ajiye guntaye huɗu ko biyar daga fatar nan ɗin dai, domin duk abin da za ka yi wa sirdin sai ka fara yi musu.

Gindi, soso da awo

Idan gindin sirdin ƙarfe ne, ka goge tsatsa, ka rage kaifin gefensa da samfefa, ka yi masa fenti ya bushe sarai. Wannan fentin yana da dalili: ƙarfe tsirara idan ya haɗu da jiƙaƙƙiyar fatar jimar tsirrai yana yi mata baƙin tabo, kuma tsatsa na cin fata a hankali. Soso kuma ka sa irin wanda ba ya shan ruwa, kamar na neoprene, kaurin milimita 12 zuwa 25. Ka manna shi da gam ɗin roba, ka sassaƙe gefensa ya gangara ba tare da tudu ba, don duk wani ƙulli da ka bari a soso zai fito a fuskar fata.

Awo kuwa, lulluɓe soson da leda, ka bi ta da salatif na takarda har ya rufe, ka zana iyakar sirdin da layin tsakiya a kai, ka ɓare, ka shimfiɗa a kwali. Wajen yanka fatar ka bar rarar santimita 3 zuwa 4 a kewaye. Kada ka huda ramukan ɗinki yanzu. Jiƙo da rini suna sa fata ta ɗan tsuke.

Ka yi zanen da baƙi a ranka

Nan ne mutane da yawa ke rasa aikin tun kafin su buɗe kwalbar rini. A kan fata mai haske, abin da ke fito da zane shi ne duhun da ƙarfe ke bari inda ya danna, da kuma man tsufa da ake cusawa cikin layuka ya yi duhu. A kan baƙar fata duka biyun ba su da amfani, tunda babu abin da ya fi baƙi duhu. Abin da ya rage maka shi ne haske da inuwa kawai: tudu da kwari, santsi da kaushi.

Saboda haka zanen da za a rina baƙi yana son manyan siffofi da fili a tsakaninsu. Salon furanni masu murɗe-murɗe da aka sani da sunan garin Sheridan na jihar Wyoming a Amurka yana da kyau ƙwarai, amma ƙananan layukansa da suka cushe da juna sun fi dacewa da launin ƙasa. Idan shi kake so a baƙi, ka ƙara girman furannin, ka rage yawansu. Haruffa, harshen wuta, saƙar tabarma da manyan ganye duk suna fitowa. Ka kuma tuna cewa tsakiyar sirdi ita ce wurin zama, can ne zane zai fara shafewa. Ka tura ƙaramin aiki zuwa hanci da bayan sirdin, ka bar manyan layuka a tsakiya. Bakin gefe, inda fata za ta lanƙwasa ƙasa, ka bar shi babu zane ko kaɗan, domin ja zai buɗe yankan.

Jiƙo, yanka da bugu

Kafin komai ka manna salatif mai ƙarfi a bayan fatar gaba ɗaya, ya hana ta bajewa yayin bugu. Sannan ka shafa mata ruwa mai tsabta da soso har ya shiga, ka sa ta a leda ka ɗaure ta kwana. Washegari ka fito da ita ka jira. Lokacin aiki shi ne sa'ad da fuskarta ta kusa komawa launinta na asali amma idan ka ɗora bayan hannunka ka ji sanyi. Idan ta jiƙe da yawa sawun ƙarfe zai yi laɓo-laɓo. Idan ta bushe wuƙa za ta riƙa cijewa.

Ka ɗora zanen da ka kwafa a farar leda ko takardar kwafi, ka bi shi da tsinke mara kaifi. Daga nan sai wuƙa mai juyawa, wadda ake ɗora ɗan yatsa a samanta. Ka riƙa goga bakinta a fatar wasa wuƙa duk bayan 'yan mintuna, domin ɗacin jima na taruwa a kanta ya sa ta ja. Zurfin yanka kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar ne, har zuwa rabi a manyan layuka. Ga aikin da za a yi wa baƙi na fi son a kusanci rabin, amma kada a wuce: sirdi nauyin mutum yake ɗauka.

Ka shimfiɗa fatar a kan dutsen giranit ko mabul mai kauri, ka yi bugu da gudumar roba ko ta ɗanyar fata. Gudumar ƙarfe tana lalata kan kayan aiki. Ƙarfen kwantar da gefe shi ne na farko: ka bi kowane yanka da shi, kana tafiyar da shi kaɗan-kaɗan kana bugu, har gefe ɗaya ya kwanta ɗayan ya tashi. Ka zaɓi mai gangara sosai, shi ke ba da bango mai kaifi da zai jefa inuwa. Sai ƙarfen lotsa cikin ganye da furanni, sai na jijiyoyi. Na ƙarshe shi ne ƙarfen dandatsa fili, kuma a nan ka yi haƙuri sosai: ka dandatse duk filin da ke bayan zanen ya nutse daidai, ya yi kaushi iri ɗaya. Wannan kaushin ba ya mayar da haske, saman ganyen mai santsi kuwa yana mayarwa, kuma bambancin nan shi ne abin da ido zai gani bayan komai ya zama baƙi. Idan fatar ta fara bushewa kana cikin aiki, ka yi mata feshin ruwa kaɗan ko'ina. Jiƙa wuri ɗaya yana barin shaidar ruwa.

Da ka gama, ka bar ta ta bushe a inuwa kwana ɗaya cur, ka ɓare salatif ɗin a hankali.

Wanke fuskar fata

Maiƙon hannu, kakin da ya taso daga fatar wasa wuƙa, da ɗigon gam duk suna hana rini shiga, kuma ba a ganinsu sai rini ya tona musu asiri. Ka goge fuskar da tsumma mai ɗan sifirit. Idan akwai ɗige-ɗigen baƙi na ƙarfe kuma kana son barin wani sashe da haske, ƙaramin cokali ɗaya na sinadarin oksalik a rabin litar ruwa yana ɗauke su. Guba ne, ka sa safar hannu, ka kuma bi da ruwa mai tsabta. Wanda zai yi kuloko kada ya yi amfani da oksalik, domin aikinsa ke nan warware baƙin da ƙarfe ke yi wa fata.

Rinin kwalba

Rinin fata na sifirit, irin Pro Dye na Fiebing's, shi ne aka fi amfani da shi. Yana kama wuta, warinsa kuma na hawa kai, don haka a yi shi inda iska ke ratsawa, nesa da wuta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a lafta baƙi mai kauri sau ɗaya don a ga ya yi wuluk nan take. Fata tana da iyakar abin da za ta sha. Ragowar sai ya bushe a sama ya zama gari, shi ne ke zuba a tufafi, shi ne kuma ke yin wani sheƙi mai ja-ja ko ruwan tagulla idan rana ta haska. Duhu hawa-hawa ake gina shi.

Ka fara da shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa mai duhu a matsayin shimfiɗa. Shuɗin yana kashe jan da ke cikin fatar, baƙin ya fito mai zurfi. Ruwan ƙasan kuma yana da amfani ranar da sirdin ya fara kojewa, domin abin da zai leƙo daga ƙasa ba zai zama fari fat ba. Ka bar shimfiɗar ta sha iska awa biyu ko uku. Sannan ka sirka baƙin da sifirit rabi da rabi, ka ɗan yi wa fatar feshin ruwa ta yi laima kaɗan, ka shafa da guntun fatar tunkiya mai gashi ko dunƙulen ulu, kana zagayawa da sauri ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Shafa ta biyu ka bi ta tsaye, ta uku ta kwance, kana barin kowacce ta bushe. Filin da ka dandatsa yana zuƙar rini fiye da saman ganye, don haka kada ka fara sauke dunƙulen a kansa yana cike. Cikin yankan wuƙa kuma ka bi shi da siririn buroshi, in ba haka ba ranar da aka ja fatar a kan soso za ka ga fararen layuka sun buɗe.

Injin feshi yana ba da launi bai ɗaya, amma rininsa a sama-sama yake tsayawa, ƙaramar karta ta nuna abin da ke ƙasa. A sirdi, ka fara da shafawar hannu don ya shiga, feshin ya zo daga baya don daidaitawa.

Kuloko

Idan baƙi zalla kake so, ni a ganina babu kamar wannan. Kuloko ba launi yake ɗora wa fata ba; ƙarfen da ke cikin ruwan ne ke haɗuwa da ɗacin jimar da ke cikin fatar, su biyun su zama baƙi a cikin naman fatar kanta. Irin haɗin nan ne aka yi ɗaruruwan shekaru ana yin tawadar rubutu da shi. Tunda babu garin rini a sama, babu abin da zai zuba.

Ka sami soson ƙarfe mai laushi, irin wanda ke tsatsa, ka wanke shi da sabulu ya rabu da man da aka shafa masa a masana'anta. Ka yayyaga dunƙule biyu a cikin lita ɗaya ta farin ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, a kwalba ko roba. Kada ka toshe murfin, ka huda shi: haɗin yana fitar da iskar haidurojin, kwalbar da aka rufe ruf tana iya fashewa. Ka ajiye a waje mako ɗaya zuwa biyu. Idan ƙarfen ya narke duka ka ƙara wani, har ruwan ya daina ci. Haka ne za ka san tsamin ya ragu. Ka tace da tsumma.

Ka tsoma guntun gwaji tukuna. Cikin daƙiƙu zai koma toka mai duhu ko shuɗi-baƙi. Kada wannan ya dame ka, mai ne zai ƙarasa shi. Idan ya tsaya a toka mai haske, fatar ba ta da isasshen ɗaci. Ka dafa baƙin ganyen shayi ya yi kauri sosai, ya huce, ka shafa mata, sannan ka sake tsomawa. Idan gwajin ya yi, ka zuba kulokon a faffaɗar roba ka nutsa fatar sirdin minti ɗaya, ko ka shafa da soso har ta ƙoshi. Jiƙon yana ɗan tausasa kaifin zane, abin da ya sa tun farko muka ce a zurfafa bugu. Kada ka matse ta, kada ka lanƙwasa ta tana jiƙe.

Bayan nan ka narka babban cokali ɗaya na bekin soda a litar ruwa, ka ratsa fatar a ciki na 'yan daƙiƙu kawai, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Fata da ɗan tsaminta take rayuwa, idan ta daɗe a ruwan soda sai ta ƙone ta riƙa tsagewa. Warin khal ɗin zai tafi cikin kwanaki idan tana shan iska.

Kuloko bai san iyaka ba, yana bin danshi ya tsallaka layi. Ba ya dacewa da aikin launi biyu.

Idan kana son zanen ya yi magana daga nesa

Wani lokacin abin da mai babur ke nufi da baƙi shi ne sirdin ya dace da baƙin babur ɗinsa, kuma launi biyu ya fi biya masa buƙata. Ka cika filin da ka dandatsa da baƙin rini da ƙaramin buroshi, kana sauke buroshin a tsakiyar fili rinin ya gangara zuwa bakin layi da kansa. Ganye da furanni ka ba su ruwan ƙasa mai duhu ko ja mai duhu. Sai ka yi feshin baƙi a kewayen sirdin yana raguwa zuwa tsakiya. Daga nesa sirdin baƙi ne, daga kusa zanen na nan ɗas. A irin wannan ne man tsufa ke da amfani: ka rufe ganyen da siririn rufi, wato ruwan kariya da ake shafa wa fata a sama, ya bushe, ka cusa man cikin layuka, ka goge saman.

Guga, mai da rufi

Ka bar rinin kwalba ya bushe kwana ɗaya. Sannan ka ɗauki farin tsumman auduga ka yi ta gogawa da ƙarfi, kana sauya wuri, ka bi cikin kwari da buroshin gashin doki ko tsohon buroshin haƙori. Ba ka gama ba sai farin tsumma ya fito fari. Hannu zai gaji, amma duk garin da ka bari zai narke cikin rufin da za ka shafa, ya bi shi zuwa wandon mai hawa.

Sifirit da khal duka suna tsotse man fata. Ka mayar mata da man ƙafar shanu, wanda ake kira neatsfoot, tsantsarsa wanda ba a gauraya da man inji ba: shafa ɗaya siririya a fuska da guntun ulu, a bar shi kwana ɗaya ya bazu. A nan ne tokar kuloko ke komawa baƙi ƙirin. Idan da buƙata ka ƙara sau ɗaya. Mai da yawa yana kumbura zane ya kwantar da shi, yana hana gam da rufi kamawa, kuma ba ya fita idan ya shiga.

Yanzu sai haɗawa. Ka manna fatar ƙasa a gindin, ka kama ta da ribit. Ka jiƙa gefen fatar sama daga baya, wurin da babu zane kaɗai, ka shafa gam ɗin roba a soso da bayan fatar, ka daidaita layin tsakiya, ka kwantar da ita daga tsakiya zuwa gefe kana ja da tafin hannu. Ka manne bakin fatun biyu, ka yanke rarar ka bar kamar santimita ɗaya, ka huda ramuka a jere. Bakin yankan zai fito da haske idan rinin kwalba ka yi, ka bi shi da baƙi kafin ɗinki. Siririyar igiyar fata mai faɗin milimita 3 ake kitsa gefen da ita, ta kangaru ce ta fi ƙarfi. Kitson yana cin kusan ninki 8 na tsawon kewayen sirdin, wani salon fiye da haka, kuma ana aiki da guntaye na mita ɗaya da rabi zuwa biyu don kada igiyar ta sule tana bin ramuka. Ka sayi baƙa ko ka rina ta daban tun kafin kitso.

Rufi na ƙarshe, irin Resolene, ka sirka shi da ruwa rabi da rabi, ka shafa siriri sau biyu ko uku da soso mai laima ko da feshi, awoyi a tsakani. Mai kauri yana yin kamar roba, yana tsagewa inda ake zama, yana kuma sa santsi, abin da ba a so a sirdi lokacin taka birki. Kada ya taru a filin da ka dandatsa. Ka tsane shi da busasshen buroshi don kaushin ya zauna dishi-dishi. Bayan kwana biyu ka bi da man fata mai kakin zuma, ka goge saman ganyen kaɗai har su yi ƙyalli. Ka jiƙa farin tsumma ka goga a gefe: idan ya ɗauko baƙi, ka ƙara rufi ɗaya kafin a ɗaura sirdin.

Ka gaya wa mai babur ɗin abin da sirdin ke buƙata. Baƙar fata tana ɗaukar zafin rana sosai, zafin kuma yana busar da ita, rinin kwalba ma yana kojewa a rana, don haka a ajiye babur a inuwa ko a rufe sirdin. Idan ruwan sama ya doke shi a tsane da tsumma ya bushe da kansa, kada a kai shi kusa da wuta ko bakin salansa. Fetur yana narka rufi, a share shi nan take. Man kakin zuma kuma a sake shafawa duk lokacin da aka ga ɗigon ruwa ya daina tsayawa a saman fatar ya fara shiga ciki.